Amsa ga malamin wasanni da ya yi tambaya kan jadawalin kurket na ƙungiyoyi shida a kewayen Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa don ba magana ce da za a amsa a tsaitsaye ba. Ka ce kun haɗa ƙungiyoyin kurket guda shida, biyu cikin Birnin Kebbi, ɗaya Kalgo, ɗaya Jega, ɗaya Aliero, ɗaya Argungu, kuma duk 'yan sa kai ne, ɗalibai da malamai da 'yan bautar ƙasa da masu sana'a, babu wanda ake biya don wasa, fili ɗaya tak gare ku wanda ake iya shimfiɗa tabarmar da ake jifan ƙwallo a kanta, sannan ka ga jadawalin kulob-kulob na kewayen Landan a intanet, kowace Asabar wasa gida da waje tun Mayu har Satumba, kana tambaya ko ku ɗauko shi ku canza sunaye kawai.

Kar ku ɗauko. Ba don ba shi da kyau ba, wallahi tsari ne mai kyau ƙwarai, amma rigar wani ce anka ɗinka daidai jikinshi.

Bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin wancan jadawali da ka gani. Lig-lig na kewayen Landan irin na Surrey da na Middlesex, galibi ƙungiya goma ce a kowane rukuni, kowa ya haɗu da kowa sau biyu, shi ne ya ba da Asabar 18. Kowane kulob da filinshi na kanshi, ciyawa, da mai kula da ita, kuma kulob ɗaya yana da tim na ɗaya da na biyu har na uku, idan na ɗaya na wasa a gida na biyu ya tafi waje, saboda haka filin bai taɓa cin karo da kanshi. Su watannin nan su ne lokacin ɗuminsu, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan tara na dare, to ka ga za su iya fara wasa da rana tsaka su buga oba 50 kowane ɓangare (oba ɗaya jifa shida ce) ba mai kallon agogo. Mu kuwa Mayu zafi ne mai kai mutum ƙasa, daga Yuni zuwa Satumba damina, rabin 'yan wasanka suna gona, filin makaranta ya zama ciyawa har gwiwa, ga WAEC da NECO sun riƙe ɗalibai. Ko a Legas da kurket ya fi kafuwa, inda tun 1904 anka buga wasa da Gold Coast wato Ghana ta yanzu, kulob-kulob ɗin da ke buga lig a filin Tafawa Balewa Square akasari sai ruwa ya ja baya suke yin kakarsu. Akwai dai inda ake wasa cikin damina da gangan, Kanga League ta birnin Mumbai a Indiya da ta faro a 1948, amma su ma dalilinsu daban ne, so suke 'yan wasansu su saba da jiƙaƙƙen fili irin na Ingila. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kuskuren da kusan kowa ke yi, ni ma da shi na fara, shi ne a fara ƙirga ƙungiyoyi. A'a. Ranaku za ka fara ƙirgawa. Ɗauko kalanda ta bango, ba ta waya ba, ka zauna da biro. Lokacin wasanmu a nan ƙasar Kabi daga farkon Nuwamba ne, bayan an kai amfani gida ƙasa ta bushe, zuwa ƙarshen Fabrairu. Da Maris ya shigo zafi ya fara haura digiri 40, kuma kar ka manta mai bugu sanye yake da hular kwano da safar hannu da kariyar ƙafa, mai tsaron bayan wikit, wato sandunan nan uku da mai jifa ke hari, shi ma haka, tsayuwar awa uku cikin rana a wanga yanayi ba jarumta ba ce, na ga yaro ya yanke jiki ya faɗi a bakin fili muna ta yayyafa mishi ruwa, ban son in sake gani. Sai kuma azumi, wanda yanzu ya shigo cikin kakarmu. A 2026 bayan tsakiyar Fabrairu anka fara, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11, 2027 farkon Fabrairu ke nan, bayan nan ya shiga Janairu. Wato shekarun nan masu zuwa kakar kurket a arewa ƙara gajarcewa za ta yi, dole mai tsara jadawali ya san da haka tun yanzu. Idan ka ɗauka daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu don kauce wa azumi, ƙarshen mako 13 ke gare ka. Cire biyu ko uku na Kirsimeti da sabuwar shekara, don 'yan bautar ƙasa da ɗaliban jami'a da na foli duk sun watse, kuma ka san a irin ƙungiyoyinmu sau da yawa su ne masu jifan da ake taƙama da su. Cire ɗaya na jarabawar ƙarshen zango a Disamba. Abin da ya rage tara ne ko goma. Wannan shi ne jarinka, kuma tun ba a zo maganar ɗaurin aure da rasuwa da taron siyasa ba.

To yanzu sai lissafi. Ƙungiya shida idan kowa zai haɗu da kowa sau ɗaya, wasa 15 ke nan, shida sau biyar a raba biyu. Zagaye biyar, kowane zagaye wasa uku. Da fili ɗaya za ku iya buga biyu ran Asabar ɗaya ran Lahadi, ƙarshen mako biyar ke nan. Idan kunka ce sai gida da waje kamar Landan, wasa 30, ƙarshen mako goma cif, ya cinye jarin duka babu ko rana ɗaya ta ko-ta-kwana, babu kusa da na ƙarshe babu na ƙarshe. Wasa ɗaya ya faɗi, komai ya rushe. Kuma ma mi ne ne amfanin gida da waje ga mutanen da filinsu ɗaya ne? Shawarata, zagaye ɗaya, sannan huɗun farko su buga na kusa da ƙarshe rana ɗaya, na ɗaya da na huɗu, na biyu da na uku, mako na gaba wasan ƙarshe. Wasa 18 cikin ƙarshen mako bakwai, saura biyu ko uku ka ajiye su babu komai a kai. Ka sa ɗaya bayan zagaye na uku, ɗaya bayan na biyar kafin na kusa da ƙarshe. Na san za a samu wanda zai miƙe a taro ya ce wasa biyar ga kowace ƙungiya ya yi kaɗan, kuma gaskiya ne ya yi kaɗan, amma lig ɗin da anka fara anka gama anka ba da kofi ko na roba ne, shi yara ke dawowa mishi baɗi. Wanda ya mutu a zagaye na shida babu mai son jin sunanshi kuma. Ranakun ajiyar nan in ba a buƙace su ba ai sai a buga wasan sada zumunci, ba su tafi a banza ba.

Yadda ake jera wa zai haɗu da wa ba sai da kwamfuta ba. Ba kowace ƙungiya lamba daga 1 zuwa 6, ka bar lamba 1 a wurinta sauran su riƙa zagayawa. Na fitar maka da shi don kar ka sha wahala. Zagayen farko 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Na biyu 1 da 5, 6 da 4, 2 da 3. Na uku 1 da 4, 5 da 3, 6 da 2. Na huɗu 1 da 3, 4 da 2, 5 da 6. Na biyar 1 da 2, 3 da 6, 4 da 5. Duba da kyau za ka ga babu waɗanda sunka haɗu sau biyu. Lambobin kuma ku rubuta a takarda ku nannaɗe ku zuba cikin hula, kyaftin-kyaftin su ɗauka a gaban kowa, don kar gobe a ce ka fifita 'yan gari. In wata ƙungiya ta bakwai ta shigo, sai ka yi kamar takwas ne, wanda ya faɗa kan lamba 8 yana hutu a makon, amma ka sani ya koma wasa 21 zagaye bakwai, ranakun ajiyarka sun tafi. Ni da ni ne sai in ba su haƙuri su jira baɗi, su riƙa wasan sada zumunci bana.

Maganar tsawon wasa, T20 za ku buga, oba 20 kowane ɓangare, mai jifa ɗaya kar ya wuce oba huɗu. Tun da anka ƙirƙiro shi a Ingila a 2003 shi ne ya sauƙaƙa wa irinmu, kuma shi za a buga a gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles. A littafi awa uku ne, amma 'yan koyo suna jefa ƙwallon da ta kauce da yawa sai an maimaita, ga neman ƙwallo cikin ciyawa ko bayan katanga, ga hular kwano biyu da mutum goma sha ɗaya ke karɓa-karɓa, saboda haka ka lissafa awa uku da rabi. Wasan safe a fara tara, a gama sha biyu da rabi. Kar ka sa bakwai da rabi don ka ga zafi bai fito ba, a tsakiyar hunturu hazo kan sauko da safe har mai tsaron bakin iyaka bai ganin ƙwallo sai ta iso gabanshi, ga hannu ya sandare da sanyi, ƙwallon fata kuwa in ta sami yatsa a haka sai dai Allah ya kiyaye. Wasan marece a fara biyu da rabi bayan azahar, ɓangaren farko ya ƙare daidai la'asar, hutun tsakiya ya zama na salla, a dawo huɗu da minti ashirin a gama kafin shida. Mu nan yamma Allah ya ba mu ɗan sarari, ko a Disamba rana ba ta faɗuwa sai bayan shida, amma sararin ba shi da yawa, jinkirin minti ashirin a farko shi ne duhu a ƙarshe. Ku rubuta doka cewa duk minti huɗu na latti oba ɗaya ce za a cire wa ƙungiyar da ta makara, in ya kai minti 45 an ba abokan karawa wasan.

Sai 'yan nesa. A nan ne nake son ka sa tausayi cikin lissafi. Mutum zai ce ai a ba 'yan Argungu da Aliero wasan marece don su samu lokacin isowa. Ni ban yarda ba. Gara su yi sammako su bugo hanya bayan asuba, da a tashi wasa gab da magariba su kama hanya cikin dare da yaran mutane a mota. Iyaye sau ɗaya za su ga ɗansu ya dawo tara na dare, sun hana shi ke nan. Saboda haka wasan safen Asabar da na Lahadi na 'yan nesa ne, marece na 'yan gari da Kalgo. Akwai zagayen da duk wasa ukun za a samu ɗan nesa a ciki, to a nan 'yan Jega za su ɗauki marece tunda sun fi kusa, ka gaya musu tun farko su sani. Kuma kuɗin mota kar ya zama nauyinsu su kaɗai, tunda ba su sunka zaɓi inda filin yake ba. Ku haɗa asusu ɗaya, kowace ƙungiya ta zuba daidai, daga ciki a biya mota da ƙwallo da ruwan leda. Ka tambayi kowane kyaftin kuma ranar kasuwar garinsu da lokacin da aikin fadama ke tsananta, don cikin 'yan wasanka akwai mai ban ruwan shinkafar rani akwai mai albasa, in ka sa mishi wasa ranar da injin ban ruwa ke hannunshi ba zai zo ba, kuma da gaskiyarshi.

Yanzu fili, wanda shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya duk tsawon shekarun nan. Wata shekara munka tsara komai, munka buga takarda munka raba, izinin filin kuwa da baki anka ba mu, mutumin kirki ne ya ce ai ba komai ku yi ta wasanku. Asabar ta zagaye na uku munka ɗauro tabarma a kan keke napep tun bakwai, nannaɗe, mutum huɗu ke ɗaga ta, ga ƙusoshi cikin bokiti ga guduma ga tsintsiya. Muna shiga ƙofa sai ga rumfuna an kafa tsakiyar fili, ana sauke kujerun roba daga mota, mai lasifika yana gwaji, turken rumfa ɗaya daidai inda muke kafa wikit. An ba da filin don wani taro tun makonni biyu baya, ba wanda ya tuna da mu don babu mu a takarda. Baƙinmu sun riga sun iso, yara goma sha huɗu da sunka haɗa kuɗin mota da ƙyar, suna tsaye da fararen kaya suna kallona. Ƙungiyar nan ba ta sake zuwa ba a kakar. Saboda haka kafin ka fitar da jadawali, ka rubuta wasiƙa da kowace rana da lokacinta har da ranakun ajiya, a sa hannu a buga hatimi, ka bar kwafi wurin mai filin, ka ba maigadi nashi kwafin don shi ne mai makulli, kuma duk Laraba ka leƙa ka gaisa ka tunatar. Sannan ka zauna da 'yan ƙwallon ƙafa da ke atisaye a filin, ka nuna musu ranakun cikin girmamawa, don in ba ka yi ba ƙarfe huɗu za ka ga sun shigo da ƙwallonsu ana tsakiyar wasa, kuma sun riga ka a wurin.

Tunda filin ƙwallon ƙafa ne, ka san faɗinshi wajen mita 68 ne, wato daga tsakiya zuwa gefe mita 34 kacal, alhali a wasannin duniya na maza iyaka ba ta gaza kusan mita 60. Ku yanke tun yanzu nawa ake ba wanda ya buga ta fita ta gajeren gefe, mu ran biyu muke bayarwa maimakon huɗu (ran shi ne makin da masu bugu ke ci a cikin wasa). Tsirin da ake jifa a kai yadi 22 ne, mita 20 da 'yan kai, in da hali ya miƙe kudu da arewa, don in ya kalli gabas da yamma rana za ta shiga idon mai bugu da safe ta koma idon ɗayan da marece. A share tsakuwa tas kafin a shimfiɗa tabarma, a yayyafa ruwa a daddaɓe, a ja ta ta ɗaure sosai kafin a kafa ƙusa, tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta sa ƙwallo ta tashi zuwa fuska. A jadawalin ka rubuta wace ƙungiya ce ke shimfiɗa wace ce ke naɗewa kowace rana, in ba haka ba kai da yara biyu za a bar wa.

Alƙalan wasa da masu rubuta maki su ma cikin jadawalin za su shiga, ba a ranar ake neman su ba. Duk lokacin da biyu ke wasa huɗu na zaune, to a rubuta a gaban kowane wasa ƙungiyar da za ta kawo alƙalai biyu, wadda ba ta kawo ba a cire mata maki ɗaya. Kowane ɓangare ya kawo mai rubutu, su zauna benci ɗaya suna tantancewa ƙarshen kowace oba. Maki kuwa, nasara biyu, kunnen doki ko wasan da bai kammalu ba ɗaya-ɗaya. Kowane ɓangare sai ya samu oba biyar kafin a ce wasa ya yiwu. Rage oba ba abin kunya ba ne, 'yan matanmu na Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 da sunka doke New Zealand da ran biyu a gasar duniya a Malesiya a Janairun 2025, oba 13 anka buga saboda ruwa, kuma nasara ce cikakkiya. In duhu ko ƙura ta tsayar da wasa ana tsakiyar ɓangare na biyu, manya suna da lissafinsu na fitar da wanda ya ci, wanda ake kira DLS, mai buƙatar manhaja, ku dai ku yi amfani da matsakaicin ran a kowace oba, muddin an rubuta an yarda tun farko. Idan maki ya zo ɗaya sai a duba tazarar ran. Misali kun ci 120 a oba 20, shida ke nan a kowace oba, an ci ku 100 a oba 20, biyar ke nan, tazararku ɗaya. Abin da ke kawo faɗa shi ne wannan: in an fitar da masu bugunku duka a oba 15, da 20 za a raba, ba da 15 ba. Karanta musu shi da babbar murya a taron farko.

Kowace ƙungiya ta kawo sunaye 16 zuwa 18 da hoto kafin wasan farko, kuma wanda ya buga wa ɗaya ba zai koma wata ba sai baɗi. Wanda zai buga na kusa da ƙarshe sai ya kasance ya buga aƙalla biyu a zagaye, in ba haka ba ranar za ka ga baƙin fuska daga Sakkwato ko Kaduna an ce wai ɗan'uwan kyaftin ne. Yaro ɗan ƙasa da 18 kar ya tsaya gaban ƙwallon fata ba hular kwano ko da zai yi fushi.

Ɗage wasa kuwa dalili uku kawai nake karɓa, rasuwa, matsalar tsaro a hanya, ko a ƙwace filin. Cewa mai jifanmu ya yi tafiya ba dalili ba ne, shi ya sa anka ce a kawo suna 18. Wasan da anka ɗage ya faɗa ranar ajiya mafi kusa kai tsaye ba sai an sake zama ba. Mutum ɗaya ne zai riƙa sanar da canji a guruf ɗin WhatsApp, ba kowa da nashi ba, kuma ka buga a takarda ka manna, don ba duk yaran ke da babbar waya ba.

Cikin azumi in yara sun matsa, ƙwallon tanis da anka naɗe da tef ɗin lantarki, irin yadda 'yan Karachi a Pakistan sunka saba, oba shida-shida bayan tarawi inda akwai fitila, ba ta buƙatar hula ba ta buƙatar tabarma, kuma a nan ake samun sabbin yara. Amma kar ka haɗa makinta da na lig. Ɗalibai mata kuma in akwai masu sha'awa, nasu jadawalin daban cikin makarantunsu da malamansu mata, ranar wasanni ta mako, wannan sai mun zauna a kanshi na musamman.

Ka je ka yi ƙirgar kalandar nan tukuna, ka samo wasiƙar fili da hatimi, sannan ka turo mini ranakun da sunka rage da lambar da kowace ƙungiya ta ɗauka, in sha Allahu zan jera maka lokutan da alƙalan kowane wasa. Ka kuma auna mini tsawon tabarmar taku, don in guntuwa ce mai rufe ɓangare ɗaya to daga gefe ɗaya za a riƙa jifa, masu bugu ne za su riƙa musanya wuri ƙarshen kowace oba, kuma wannan zai rage muku kusan kwata na awa a kowane wasa.